JAWABI: Kifin Kogin Kaduna Tsakanin Madatsai da Gurabun Rani



Maganar da za a yi yau maganar kifi ce. Mai yiwuwa wani ya ce, ana fama da tsadar abinci da kuɗin haya da rashin zaman lafiya a gida, ina mutum ya ga sukunin damuwa da abin da ke ƙarƙashin ruwa? Tambayar tana kan hanya. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Zangon Kataf ko Kacia ko Jama'a, idan ya zauna da dattawan garinsu ya ce su lissafa masa kifayen da suka sani suna yara, sa'an nan ya je bakin rafi ya ce wa yaran yau su lissafa nasu, zai ga lissafi na biyu bai kai na farko tsawo ba. Abin da ya ci tsakanin lissafin nan biyu shi ne abin da wannan jawabi zai bi diddigi.

Kogin da ake magana a kansa sunansa ma gargaɗi ne. An ce Kaduna daga kadduna ne, wato jam'in kada, saboda yawan kadojin da ke kwance a gaɓarsa a zamanin da. Yau mutum zai yi shekaru yana haye gadar Kaduna bai ga ko ɗaya ba. Kogin yana tasowa daga tsaunukan Jos wajen Vom, ya gangaro ta kudu maso gabashin Jihar Kaduna, ya nufi arewa maso yamma, ya karya kwana kafin birnin Kaduna, ya ratsa Jihar Neja, ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe, tafiyar kimanin kilomita 550. Samarun Kataf tana can sama, kusa da kan ruwan. Ƙasar kuwa mararraba ce ta ruwa kamar yadda Kafancan take mararrabar jirgin ƙasa: rafukan gefen Zango suna zuba cikin Kaduna, na gefen Kacia suna tara Gurara, na kudancin Kafancan kuma suna bin hanyar Mada zuwa Binuwai. Wanda ke zaune a kan ruwa yakan ɗauka abin da aka yi a ƙasan kogi bai shafe shi ba, tun da ruwa ba ya komawa baya. Ruwa kam ba ya komawa, amma kifi yana komawa, kuma nan ne gizo ke saƙar.

TAFIYA BIYU TA KIFI

Kifin kogi ba mazaunin wuri ɗaya ba ne, ɗan ci-rani ne, kuma jama'ar wannan taro sun fi kowa sanin ma'anar haka. Tafiye-tafiye biyu yake yi a shekara. Ta farko ita ce hawa. Da ruwan farko ya sauka, kogi ya yi ja, ya soma cikowa, sai kifaye irin su ɗumi da kawara da shemani da tsage su juya kai sama, su yi ta kutsawa gaba da igiyar ruwa, suna shiga rafuka da ƙoramu, don su zubar da ƙwai inda ruwa ke gudu. Ta biyu ita ce fita. Idan kogi ya cika ya malala cikin fadama, tarwaɗa da ramboshi da faliya da cihaki sai su bi ruwan cikin ciyawa. Bali yakan share ciyayi ya yi sheƙa zagayayya kamar masussuka, yauni kuma yakan haɗa tasa sheƙar tana yawo bisa ruwa, ya tsaya gadi, har masunta suna shakkar cizonsa a wannan lokaci.

Fadamar da ruwa ya rufe ita ce ɗakin haihuwa, ita ce kuma rumbu. Ruwanta ba zurfi, yana da ɗumi, ga ruɓaɓɓiyar ciyawa da kashin shanun da suka yi kiwon rani a wurin, waɗanda ke haifar da ƙananan ƙwari da tsutsotsin da 'ya'yan kifi ke ci. Cikin wata uku ko huɗu ɗan kifin da bai kai ƙwayar shinkafa ba sai ya yi girman da zai iya tsere wa maƙiyi. Da ruwa ya soma janyewa wajen watan Oktoba, sai kowa ya koma kogi. Masana kifi sun daɗe da tabbatar da abin da masunta suka riga su sani, cewa shekarar da cikowa ta yi faɗi ta kuma daɗe, kamun shekarar da ke biye yakan yi albarka, shekarar da ta gaza kuwa koma takan fito fayau.

Saura zango na uku, wato rani. A saman kogi, inda Samarun Kataf take, ruwa yakan ja ƙwarai daga Janairu zuwa Maris, ƙananan rafuka su yanke, sai gurabu kaɗai, wato wuraren nan masu zurfi a gindin dutse ko ƙarƙashin inuwar kurmi inda ruwa ke kwantawa. Gaiwa ita ta huta, domin takan shige cikin laka ta rufe kanta har damina. Sauran kifaye ba su da wannan baiwa. Duk wanda zai hayayyafa baɗi, to yana cikin gurbi bana. A riƙe wannan magana, za a komo kanta.

ABIN DA KAINJI TA KOYAR

Madatsar ruwa ta farko mai girma a ƙasar nan ita ce ta Kainji a kan Kwara, wadda aka gama cikin 1968, aka tashi mutum fiye da 40,000, har da tsohon garin Busa. Da tafkin ya cika, ruwa ya haɗiye dazuzzuka da gonaki, abinci ya yi wa kifi yawa, sai aka ga abin mamaki. Cikin 1971 kamun tafkin ya haura tan 28,000, faliya ta cika jirage, masunta suka yi ta kwarara daga Sakkwato da Nufe da Kurmi. Aka ce ai ga shi nan, dam ya kawo wuta ya kuma kawo kifi. Ba a kai ƙarshen shekarun 1970 ba sai da kamun ya faɗo ƙasa da rubu'in wancan. Ciyayin da ruwa ya rufe sun gama ruɓewa, masunta sun yi yawa, idon kalli ya yi ta ƙanƙancewa.

Ban da yawa, iri ma ya sauya. Kifaye masu dogon baki irin su miligi, waɗanda ke kiwo a ƙasan ruwa mai gudu, suka ragu ƙwarai cikin tafkin, domin ƙasan tafki mai zurfi laka ce marar iska. Masu son kwantaccen ruwa, kamar karfasa da warangi, su suka gaji wurin. A ƙasan madatsar kuwa, tsakanin Jeba da Lakwaja, binciken da aka yi a lokacin ya nuna kamun kifi ya ragu da kusan rabi cikin 'yan shekaru kaɗan, saboda cikowar da ke shayar da fadamun Nufe an tsare ta a bayan bango. Wannan asara ba ta shiga littafin kowa ba. Kifin tafki ana sauke shi a tasha ɗaya, a auna, a rubuta. Kifin fadama kuwa mace ce ta kamo da ƙwarya ta sa a miya, ba malamin da ya gani balle ya rubuta.

Labarin bai sauya ba a sauran wurare. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage cikowar da ke isa fadamun Haɗeja da Nguru, suka kuma mai da kogin mai gudu ba yankewa a wasu rassan, har kacala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Masana tattalin arziki da suka auna a farkon shekarun 1990 sun samu cewa amfanin da ake ci daga ruwan da ya malala fadama, wato kifi da shinkafa da kiwo da itace, ya ninka wanda ake ci idan an kai ruwa daidai wannan gonakin noman rani na Kadawa. Bakolori ta 1978 ta yi wa masuntan kogin Sakkwato irin haka. A Binuwai da Kwara akwai kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ƙari a wutsiya, wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai Nijeriya da Kamaru da maƙwabtansu na kusa. A da ba a rasa ta a kasuwar Garwa, yau kuwa ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa ta a matakin da daga shi sai ɓacewa.

Har abin da ba kifi ba yana shiga ciki. A kogin Sanagal an gama madatsar Diama cikin 1986, ta tare hanyar wani babban jatan lande da ke haihuwa a bakin teku ya hau kogi ya girma. Ashe shi ne ke cinye dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Bayan shekara biyu annobar tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll, irin wadda ba a taɓa gani a can ba.

AN RUFE ƘOFA SAU BIYU

To, a komo gida. Cikin 1990 aka buɗe madatsar Shiroro a kan kogin Kaduna, bango mai tsayin mita 115, mai ba da wutar lantarki megawat 600. Cikin 2023 aka gama ta Zungeru a ƙasa da ita, mai megawat 700. A gefen Gurara kuma an gina wata cikin shekarun 2000, mai ɗaukar ruwa mita miliyan 880 na awon ɗaki, aka ja bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa tafkin Usuma don mutanen Abuja su sha. Ba mai hankalin da zai ce waɗannan ayyuka banza ne. Wutar Shiroro tana shiga babban layin ƙasa, wato fitilar da ke ci a Agege da injin niƙan da ke juyawa a Sabon Badun suna da rabo a cikinta. Mai walda da tela da mai sayar da ƙanƙara ba za su so a rushe ta ba, ba kuma wannan ake nema ba.

Abin da ake so a gane shi ne abin da bangon ya sauya. Kafin a gina Shiroro hanya a buɗe take daga Kwara har zuwa saman Kaduna. Akwai duwatsu da gangara, ba kowane kifi ke iya wuce su ba, amma da damina masu ƙarfi suna wucewa, zango bayan zango, shekara bayan shekara. Saboda haka idan fari ko guba ko yawan su ya share kifin wani rafi, kogi da kansa yakan aiko da wani. Shi ya sa kakanni suka yi ta kamu ba su ga ƙarshe ba, har aka ɗauka kifi kamar ƙasa yake, ba ya ƙarewa. Yanzu ba kifin da zai hau bangon mita ɗari. Kogin Kaduna ya zama gida uku, kowane da ƙofarsa a kulle: na ƙasan Zungeru, na tsakanin madatsan biyu, da na saman Shiroro. Samarun Kataf tana ƙuryar ɗaki na uku. Duk irin kifin da ya ƙare a wannan ɗaki ya ƙare ke nan, ba mai kawo wani daga Kwara.

Wani zai ce ai tafkin Shiroro cike yake da kifi, daga can za su riƙa hawowa. Wasu za su hawo, gaskiya ne. Amma darasin Kainji ya nuna wanda tafki ke raya wa da wanda yake kashewa, kuma tsakanin Shiroro da saman kogin akwai birnin Kaduna da dattin masana'antunsa da magudanansa. Ban da haka, rafukan kan dutse suna da nasu ƙananan kifaye da ba sa zama ko'ina sai ruwa mai sanyi mai gudu bisa tsakuwa. Akwai wani ɗan kifi mai manne wa dutse da baki, wanda masana suka rubuta cikin 1950 da sunan Garra trewavasae, ba a san shi ko'ina ba sai rafukan tsaunukan Jos. Irin wannan ba ya zuwa kasuwa, ba ya cika cokali, kuma idan ya tafi ba wanda zai yi masa zaman makoki.

GURBIN RANI

Tun da ƙofar ƙasa ta rufu, irin kifin saman kogi ya rataya ne a kan gurabun rani. Abin takaici kuwa, wata ukun nan da kifi ya taru wuri ɗaya ba mafita, su ne watannin da kowa ke auka wa gurbi.

Na farko mai guba. Zuba wa kifi magani ba sabon abu ba ne, tun da can ana daka majimfa a zuba a ruwa. Amma majimfa takan sa kifi maye ne a ɗan wuri, ƙarfinta ya wuce cikin kwana kaɗan. Da maganin ƙwari na kwalba ya shigo, musamman Gammalin 20 da aka kawo don gonakin koko, sai abin ya zama kisan kiyashi: babba da ƙarami, ƙwai da kwaɗo da kaguwa, duk su taso ciki sama. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, an sa shi cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm ta hana cikin 2009, domin yana daɗewa a ƙasa, yana kuma taruwa a kitsen wanda ya ci. Hana shi bai hana ɗabi'ar ba, sai aka koma wasu magungunan feshi da ke kowace kasuwar ƙauye. Kifin da aka kashe haka ana banda shi, a zuba a kwali, a ɗora a mota. Hayaƙi yana ɓoye launi, ba ya cire guba. Mai saye a Mil Sha Biyu ba shi da hanyar bambancewa, kuma mai yiwuwa ɗan garin da aka zuba gubar ne.

Na biyu injin ban ruwa. Tun daga shekarun 1990, da shirin Fadama ya yaɗa ƙananan injuna, noman rani ya ciyar da gidaje da yawa, ya biya kuɗin makaranta, ya rage zuwa ci-rani. Amma inji goma a kan gurbi ɗaya suna iya tsotse shi cikin mako biyu, abin da guga da ƙwarya ba su taɓa yi ba. Da ruwa ya kai idon sawu sai yara su shiga da gidan sauro, wanda aka raba don kare su daga zazzaɓi, su tace har ɗan da bai buɗe ido ba. Na uku mai tifa, wanda ke kwashe yashi da tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai a kai. Na huɗu mai gatari, wanda ya sare kurmin bakin rafi don gawayi ko don ya ƙara kunya biyu a gonar citta. Inuwa ta tafi, ruwa ya yi zafi, gaɓa ta zube, laka ta cike gurbin da kakansa ya yi iyo a ciki. Maganin ciyawar da aka fesa a gona, da wanda aka wanke daga tankin feshi a bakin rafi, su kuma ruwan farko ne ke kai su, daidai lokacin da kifi ke haihuwa.

Ba ɗaya daga cikin mutanen nan da ya tashi da niyyar ƙarar da kifi. Kowa abinci yake nema. Sai dai al'adar da suka gada ta zamanin buɗaɗɗiyar ƙofa ce, ba wanda ya zo ya gaya musu an kulle.

DOKA TANA NAN A TAKARDA

Cikin 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka ta 108 kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa. Ta hana su da guba da nakiya da lantarki, ta ba hukuma ikon ƙayyade idon koma da rufe ruwa na wani lokaci, ta kuma ce wanda aka ba izinin gina madatsa ya yi wa kifi matakala. A shekarar ce kuma aka kafa Doka ta 86, wadda ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a soma shi, a kuma baje rahoton a fili jama'a su duba su yi magana. Dokokin biyu sun zo bayan Kainji da Tiga da Bakolori da Shiroro, an yi shuka a idon makwarwa tun kafin a ɗauko mai gadi. Ma'aikacin kifi ɗaya kuma, ba babur ba mai, ba zai tsare rafukan ƙaramar hukuma guda ba.

Matakalar ma kada a ɗora mata buri fiye da ƙarfinta. An yi wa madatsar Markala ta ƙasar Mali irinta tun 1947, bangon kuwa gajere ne, amma masu bincike sun ga kifi yana cunkushewa a gindinta, kaɗan ne ke hayewa. Abin da ya gagara a Markala ba zai yiwu a Shiroro ba. Inda matakala ko 'yar hanyar kewaye take da amfani shi ne a ƙananan madatsai na mita biyu ko uku, da kwalbatocin hanya, irin waɗanda ake yi a ƙauyuka da sunan aikin mazaɓa, ba a tambayi kowa ba. Kwalbatin da aka ɗaga bakinsa sama da ruwa yana tare kawara kamar yadda Shiroro ke tare giwan ruwa.

Akwai kuma masu cewa kiwon kifi zai maye gurbi. Ƙiyasin da Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta bayar a farkon shekarun 2020 shi ne ƙasar nan tana bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da ake samarwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, saura sai kifin ƙanƙara daga ƙasashen waje. Saboda haka wanda ya tara kuɗinsa a Kurmi ya je gida ya gina tankin tarwaɗa ya yi abin kirki. Amma ya sani tarwaɗa yake kiwo. Nijeriya tana da kifin ruwan daɗi iri fiye da 260, waɗanda ake kiwo ba su cika yatsun hannu ba. Tanki ba zai raya yauni da kurungu da minjirya ba, kuma kifin tanki na mai kuɗi ne, na rafi shi ne naman gwauruwa da maraya.

ABIN DA YA CI A WASU WURARE

Ba a rasa inda aka gyara ba. A arewacin Kamaru madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logone, kifi da makiyaya suka watse. Cikin 1994 aka fasa wata mashiga aka sake wa fadamar ruwa, ciyawa ta komo, kifi ya komo. A tafkin Kainji, cikin shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya bi ta hannun sarakuna da shugabannin masunta wajen hana tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi tare da warangi, domin an gane umarni daga ofis kaɗai ba ya isa bakin ruwa. Ƙasar Sin kuwa sai da ta yi asarar wani ƙaton kifi mai dogon hanci na kogin Yangtze, wanda madatsar Gezhouba ta 1981 ta raba da wurin haihuwarsa, aka yi masa ganin ƙarshe cikin 2003, sa'an nan ta rufe su a kogin na shekara goma daga Janairun 2021, aka kuma tabbatar da ƙarewarsa cikin 2022.

Misali mafi kusa yana Argungu. Jama'a suna kallon ranar da dubban masunta ke rugawa Matan Fada da homa da gora, bikin da aka soma cikin 1934, suna mamakin giwan ruwan da ya kai nauyin ƙato. Abin da ba a nunawa shi ne sauran kwanakin shekara, lokacin da wurin yake rufe bisa umarnin Sarkin Ruwa, ba mai jefa ko fatsa. Kifin ya girma ne domin an bar shi. Duk da haka cikin 2006 sai da aka fasa shiga ruwan saboda ƙarancinsa, abin da ke nuna hani kaɗai ba ya isa idan an riƙe ruwan a sama.

RABON MAZAUNA KURMI

Mazaunin Ikko ba shi da iko a kan ƙofofin Shiroro. Amma a garinsu maganarsa tana da nauyi, sau da yawa fiye da ta wanda bai taɓa fita ba. Kuɗinsa ne ke sayen injin ban ruwa da maganin feshi. Ƙungiyarsa ce ke gina aji da ɗakin shan magani, ita ce dagaci da hakimi ke saurara idan an koma gida hutun Disamba, wanda ya zo daidai da lokacin da ruwa ke soma ja.

Abin da ƙungiyar gari za ta iya a zama ɗaya shi ne ta nemi dattawa su nuna gurabu biyu ko uku mafi zurfi a rafin garin, waɗanda ba a taɓa jin sun ƙafe ba, a roƙi mai gari ya sa musu hannu: ba guba, ba gidan sauro, ba inji, ba tifa, ba sara a gaɓarsu, daga Janairu har ruwa ya sauka. Sauran rafin a bar wa jama'a. Hanin ba zai tsaya ba sai an zauna da duk mai shan ruwan, Atyap da Bajju da Hausawan Zango da Fulanin da ke shayar da shanu, domin a ƙasar da ta sha wuyar rikici, dokar da ɓangare ɗaya ya kafa a kan ruwa tana iya zama wata fitinar. Makiyayi ma yana da riba a ciki, shanunsa ne farkon shan ruwan da aka zuba wa guba.

Akwai makarantar koyon aikin gona ta Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Samarun Kataf, akwai kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa a Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji tun 1968. Kuɗin da ƙungiya ke kashewa a kan kalanda da rigunan biki na shekara ɗaya zai ɗauki nauyin ɗalibi ya bi rafukan gundumarsu damina da rani, ya rubuta kifin da ya samu da sunansa na Hausa da na Tyap da na Jju, ya kuma rubuta waɗanda tsofaffi suka ambata shi bai gani ba. Ranar da aka zo da takardar wata sabuwar madatsa, aka baje rahotonta na kwana 21 na aiki kamar yadda ƙa'ida ta tanada, garin da ke da wannan littafi yana da abin ajiyewa a kan tebur. Yana iya tambayar ruwa nawa za a riƙa saki da rani, da wane wata za a buɗe ƙofa don fadama ta sha, da kuma ta ina kawara za ta wuce. Lauya da injiniya da malamin jami'a da za su iya karanta rahoton nan su rubuta amsa, yawancinsu ba a ƙauye suke ba, suna cikin wannan zaure.